Kamun kifin bass

Kamun kifin bass wani nau'in kamun kifi ne da fatsa da ake yi domin nishaɗi da gasa, musamman a ƙasar Amurka da kudancin Kanada. Kifin da ake nema shi ne baƙin bass, wato kifaye na jinsin Micropterus da ke rayuwa a koguna da tafkuna, waɗanda asalinsu Arewacin Amurka ne. Galibin masu wannan sha'awa ba don ci ko sayarwa suke kamun ba, sukan auna kifin ne su mayar da shi ruwa da ransa. Daga ƙarni na 19 zuwa yau harkar ta haifar da masana'antun ƙera ƙugiyoyi, koton roba, ƙananan jiragen ruwa da injunansu. Sai dai kifin da ake tattalinsa a Amurka, shi ne kuma ake yaƙi da shi a wasu ƙasashen da aka kai shi.

Kifin

Iri uku ne suka fi shahara: bass mai babban baki, bass mai ƙaramin baki, da bass mai ɗige-ɗige. Ana gane mai babban baki da muƙamuƙinsa na sama, wanda ke wuce bayan idonsa. Ya fi son ruwa mai ɗumi da ke kwance, inda akwai ciyayi ko kututturan itace da zai laɓe. Mai ƙaramin baki kuwa ya fi son ruwa mai sanyi, garau, mai duwatsu.

Bass kifi ne mai farauta. Yana cin ƙananan kifaye, kwaɗi, ƙwari da jatan lande na kogi, kuma yawanci kwanton ɓauna yake yi musu. Ban da gani, yana jin motsin ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa, shi ya sa koton da ke girgiza ruwa ke janyo shi. Idan sanyin hunturu ya wuce, zafin ruwa ya kai kusan digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Selshiyos, namijin yakan share gurbi a wuri mara zurfi, macen ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi har 'ya'yan su watse.

Mafi nauyin bass mai babban baki da aka amince da shi a tarihi shi ne wanda George Perry ya kama a tafkin Montgomery na jihar Georgia ranar 2 ga Yuni, 1932, mai nauyin kilo 10.09. A watan Yuli na 2009 Manabu Kurita ya kama mai kilo 10.12 a tafkin Biwa na Japan. Da yake ratar ba ta kai yadda ƙa'ida ta tanada ba, an ɗauke su a matsayin kunnen doki.

Tarihi

A farkon ƙarni na 19 masu hannu da shuni a Amurka sun fi girmama kamun kifin trout da salmon, kamar yadda suka gada daga Ingila, bass kuwa kifin talakawa ne da ake kamawa don ci. A wajajen 1820 wani mai gyaran agogo a garin Paris na jihar Kentucky, George Snyder, ya ƙera kwarkwaron naɗe zare wanda ke juyawa sau da yawa idan aka murɗa hannunsa sau ɗaya. A 1881 likita James Henshall ya wallafa "Book of the Black Bass", littafin da ya ɗaga darajar kifin a idon masu kamun nishaɗi. A wannan zamani ne aka riƙa ɗaukar kifin a jiragen ƙasa ana zuba shi a sababbin ruwaye, har ya kai California kafin ƙarnin ya ƙare.

Babban sauyi ya zo da gina madatsun ruwa. Daga 1933, lokacin da aka kafa hukumar raya kwarin kogin Tennessee, zuwa shekarun 1960, an tare koguna da yawa a kudancin Amurka domin wutar lantarki da hana ambaliya. Ruwa ya mamaye dazuzzuka da gonaki, aka samu manyan tafkuna masu ɗumi cike da nutsattsun itatuwa, irin wurin da bass ke so. Kamu a irin waɗannan tafkuna kuwa sai da jirgi, wannan ne ya buɗe kasuwar jirage da injuna.

Kayan kamu

Sandar kamun bass takan kai mita biyu ko ɗan fiye. A da ana yin ta da gora ko ƙarfe, bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma faiba, daga shekarun 1970 kuma aka fara yin ta da girafait, wanda ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi isar da motsin kifi zuwa hannu. Kwarkwaron naɗe zare iri biyu ne: mai zama a saman sanda, wanda ya fi dacewa da koto mai nauyi amma zarensa na iya cukurkuɗewa a hannun ɗan koyo, da mai rataya a ƙarƙashin sanda, wanda ya fi sauƙin jifa.

Zaren ma iri uku ne. Na nailan yana talewa kuma ba ya saurin nutsewa. Na fulorokabon yana nutsewa, kifi ba ya saurin ganinsa. Kitsattsen zare ba ya talewa, kuma ya fi ƙarfi wajen fizgo kifi daga cikin ciyawa.

Yawancin masu kamun suna amfani da koton kwaikwayo maimakon koto mai rai. James Heddon na garin Dowagiac a jihar Michigan ya fara sayar da koton katako a farkon shekarun 1900. Lauri Rapala na ƙasar Finland ya sassaƙa nasa a 1936, Nick Creme kuma ya ƙirƙiro tanar roba a jihar Ohio a 1949. A yau akwai koton da ke yawo a saman ruwa yana fantsama, akwai mai leɓen roba da ke nutsewa idan an ja shi, akwai mai faifan ƙarfe da ke juyawa yana walƙiya, sai jig, wato ƙugiya mai kan dalma da geza. A ɗaurin da ake kira na Texas, ana cusa tsinin ƙugiya cikin jikin tanar roba domin ta ratsa ciyawa ba tare da ta maƙale ba.

Jirgi

Ole Evinrude ya fara sayar da injin da ake maƙalawa a bayan jirgi a birnin Milwaukee a wajajen 1909. A 1934 O. G. Schmidt ya ƙera ƙaramin inji mai aiki da batir, wanda ke tura jirgi a hankali ba tare da ya firgita kifi ba. Kamfanin Lowrance ya fito da na'urar gano zurfi da kifi ta hanyar amon sauti a ƙarshen shekarun 1950. Jirgin Skeeter na Holmes Thurmond, na 1948, shi ake ɗauka a matsayin jirgin bass na farko, sai Forrest Wood ya kafa kamfanin Ranger a jihar Arkansas a 1968.

Jirgin bass na zamani yakan kai tsawon mita biyar zuwa shida da rabi. Yana da shimfiɗaɗɗen dandamali gaba da baya inda ake tsayawa a yi jifa, da ma'ajiyar sanduna, da tankin ruwa mai famfo inda ake ajiye kifi da rai. Manyansu, masu injin ƙarfin doki 250, suna wuce gudun kilomita 100 a awa ɗaya.

Gyaran jirgi

Da yawa daga cikin masu jiragen da kansu suke gyara su, har gyaran ya zama wata sha'awa ta daban. A jirgin faiba, ana kankare wurin da ya tsage, a shimfiɗa ƙyallen faiba da ƙaro, a goge, sannan a maido da fentin sama. Matsala mafi girma a tsofaffin jirage ita ce ruɓewar katakon da ke cikin bangon baya, wanda ke ɗauke da nauyin inji, idan ruwa ya shiga ta ramukan kusoshi. Jirgin alminiyom kuwa yakan yi yoyo ta kusoshin da suka saki, sai a canza su ko a yi walda.

A ɓangaren inji, ana canza robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya shi, domin idan ta ci, injin zai ɗau zafi ya lalace. Man giyar da ke kusa da farfela idan ya koma fari kamar madara, alama ce ruwa ya shiga. Fetur mai gauraye da etanol, wanda ya zama ruwan dare a Amurka, yana jan laima idan ya daɗe a tanki, ya toshe kafireto. A jihohi masu sanyi ana tsiyaye duk ruwan da ke cikin inji da famfuna kafin hunturu, saboda ƙanƙara na fasa su.

Gasa

A 1967 Ray Scott, wani dillalin inshora daga Alabama, ya shirya gasa a tafkin Beaver na Arkansas, inda mutum 106 suka biya dala 100 kowanne. A 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. An yi gasar Bassmaster Classic ta farko a tafkin Mead na Nevada a 1971, Bobby Murray ya lashe ta. Rick Clunn da Kevin VanDam kowannensu ya lashe ta sau huɗu.

A yawancin gasanni ana auna kifi biyar mafi nauyi da mutum ya kama a rana, kuma ana rage maki ga wanda ya kawo matacce. Tun 1972 ƙungiyar ta fara kamfen ɗin mayar da kifi ruwa da rai, al'adar da daga baya ta bazu har ga waɗanda ba sa shiga gasa. Duk da haka wasu kifayen na mutuwa bayan an sake su, musamman a lokacin zafi, saboda haka wasu gasanni suka koma auna kifi a cikin jirgi a sake shi nan take.

Doka da haraji

Kowace jiha ce ke ba da lasisin kamu, ta kuma ƙayyade adadi da tsawon kifin da za a riƙe. Dokar Dingell–Johnson ta 1950 ta sa harajin da ake karɓa a kan kayan kamun kifi ya riƙa komawa ga jihohi domin kula da ruwaye. An gina ta ne a kan dokar Pittman–Robertson ta 1937, wadda ta yi haka da harajin bindigogi da harsasai domin kare namun daji. Farauta da kamun kifi suna tafiya tare a Amurka, shaguna irin su Bass Pro Shops, wanda Johnny Morris ya fara a Missouri a 1972, suna sayar da kayan duka biyun.

A wasu ƙasashe

An kai bass mai babban baki Japan a 1925, Afirka ta Kudu a 1928, da tafkin Naivasha na Kenya a 1929. A wurare da dama ya cinye ƙananan kifayen asali, har ya shiga jerin halittu 100 mafi ɓarna idan aka kai su baƙon wuri. A tafkin Atitlán na Guatemala, zuba shi na daga cikin dalilan da suka kawo ƙarewar wani tsuntsun ruwa da babu shi a ko'ina sai nan, wanda aka daina gani daga 1989. A Japan, lardin Shiga ya hana mayar da bass cikin tafkin Biwa daga 2003, dokar ƙasa da ta fara aiki a 2005 kuma ta hana shigo da shi, kiwonsa ko ɗaukarsa da rai zuwa wani ruwa.