Daga Mujiyar Girka Zuwa Liyarin Kakanninmu: Yadda Ake Gane Tsohon Kuɗin Azurfa

Yau zancenmu a kan tsoffin kuɗin azurfa ne, irin waɗanda ke kwance a ƙasan adudun tsofaffi a Birnin Kebbi da Argungu. Mutane biyu ke asara a wannan harka. Akwai wanda ya sayar da gadon gidansu a kan kuɗin cefane, akwai kuma wanda ya sayi dalma yana zaton ya yi tsintuwar miliyoyi. Abu ɗaya ya kayar da su duka: sun gaskata labari, ba su ɗora kuɗin a ma'auni ba.

Mu faro daga Girka, don can kalmar ta fito. Dirhamin da malamai ke ambata a babin zakka, asalinsa sunan kuɗin Girkawa ne, dirakma, wanda ya bi ta Farisa ya shiga Larabci, sannan ya iso mana. Kusan shekara 2,500 da suka wuce, birnin Atina ya riƙa buga kuɗin azurfa mai dirakma huɗu. Nauyinsa kusan giram 17.2 ne. A fuska ɗaya akwai kan Atina, abar bautarsu, a ɗayar kuma mujiya da reshen zaitun da haruffa uku na farkon sunan garin. Azurfar daga ma'adinan Lauriyon ake haƙo ta. Magini a lokacin kan samu dirakma ɗaya a yini, wato mujiya guda ladan kwana huɗu ce. Saboda an yarda da nauyinta, har a Masar da kudancin Arabiya an yi ta kwaikwayonta.

To ta yaya masana ke gane ta gaske? Da guduma aka buge ta, don haka ba ta cika zagaye ba, sau da yawa ma hoton kan kauce gefe. Ta jabu galibi zubi ce: za ka ga layin haɗi a baki, ko ƙananan ramuka kamar na kumfa, ga nauyi bai cika ba. Jabun mujiya sun cika kasuwannin duniya. Duk wanda ya nuna maka ita a waya ba tare da takardar inda ta fito ba, riƙe kuɗinka.

Azurfar da ta yi yawo a ƙasarmu kuwa wata ce daban, ita ce liyari, kuɗin sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, wanda fatake suka riƙa shigowa da shi ta hamada daga Tarabulus. Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Ku lissafa: keso guda, wato wuri 20,000, kaya ne na ɗauka a ka, amma liyari takwas ne kawai a aljihu. Shi ya sa matafiyi ya fi son sa. Barth ɗin nan ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, lokacin Kabawan Argungu na fafatawa da Gwandu.

Ga inda ake yaudarar mutane. Kusan duk liyarin da za ka gani, 1780 ne rubuce a jikinsa. Wannan shekarar rasuwar sarauniyar ce. 'Yan kasuwa sun saba da shi har ba su karɓar wani, sai aka ci gaba da bugawa da wannan shekara ba a canza ba, a Biyana, daga baya har a Landan da Rum da Bombai. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka 1780 ba shaidar tsufa ba ce, kuma liyari ba abu ne mai wuyar samu ba.

Ainihin shaidarsa ma'auni ne. Cikakken liyari giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfa tsantsa a cikinsa kusan giram 23.4. A baya akwai gaggafa mai kai biyu, a bakinsa kuma rubutu ne kewaye. Je wajen maƙerin farin ƙarfe ko mai sayar da gwal ya auna maka. Kawo maganaɗisu kusa, in ya kama to ba azurfa ba ce. In bai kama ba, kada ka yi saurin murna, don tagulla da dalma ma ba su kamawa. Ɗora shi a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa: azurfa na da amo mai tsawo, dalma kuwa tim take yi.

Haka kuɗin Turawa. Sule da fataka da sisi da taro da aka fara bugawa don Afirka ta Yamma a 1913 azurfa ne, amma daga 1920 aka koma haɗin tagulla. Kwabo da anini masu huda kuwa ba azurfa a cikinsu ko kaɗan, duk abin da dillali zai faɗa maka.

Farashi na tsayawa a kan abu huɗu: nauyin azurfar, ƙarancin irinsa, lafiyar jikinsa, da sanin hannun da ya bi. Mafi yawan liyari farashinsa bai yi nisa da na azurfar da ke cikinsa ba. Don Allah kada a goge shi da toka ko lemun tsami, gogewa rage masa daraja take yi. Wanda aka huda don sarƙar wuya ya faɗi a idon masu tarawa, amma a wurinmu hudar nan shaida ce cewa wata kakarmu ta sa shi.

Nan ne damuwata take. Maƙera sun daɗe suna narkar da liyari su yi awarwaro da zobe, abin da ya rage a gidaje kaɗan ne. In an narkar da shi, giram 23 ya rage, labarin wanda ya kawo shi da hanyar da ya bi ya tafi. Kafin ka sayar, ɗauki hotonsa gaba da baya, ka zauna da tsohuwa ta faɗa maka yadda ya shigo gidan, ka rubuta. Gidan tarihin Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, wuri ne da ya dace a kai irin wannan tambaya. A kuma sani, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba.

Duk wanda ke da liyari a gida, ya rubuta mana a ƙasa sunan da ake kiransa a garinsu.