SATCHEL PAIGE: MAI JIFAN DA ƘOFA TA BUƊE MASA YANA DA SHEKARA 42

Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Durbi da la'asar, sai ga wasu yara suna gasar jifan gwangwani da dutse, akwai wani siriri a cikinsu wanda duk jifan da ya yi sai ka ji ƙwal, har wani dattijo ya ce ai wannan hannun in bai samu mai riƙe shi ba gilashin motar mutane zai ƙare a kai. Wannan magana ita ta tuno mini da tarihin wani baƙar fatar Amurka wanda jifa ta zame masa sana'a ta kusan shekara arba'in.

Mu Katsinawa mun san folo, mun san kurket da fayis tun zamanin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, amma besbol baƙo ne a wurinmu, don haka bari in ɗan yi bayani. Mutum tara-tara ake yi, kuma turmi tara ake bugawa, in mun ari kalmar 'yan dambe. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar kamar mita 18 tsakaninsa da mai sanda, ya wurgo ƙwallo, shi kuwa mai sanda ya yi ƙoƙarin dukanta. In ya kuskure sau uku ya fita. Ka ga ke nan rabin wasan a hannun mai jifa yake.

An haifi Leroy Robert Paige a garin Mobil na jihar Alabama ran 7 ga Yuli 1906, a gidan talakawa masu 'ya'ya da yawa. Tun yana ƙarami yake dakon jakunkunan fasinjoji a tashar jirgin ƙasa, kuma a faɗarsa daga nan laƙabin Satchel ya samo asali, wato jaka. A 1918 aka kama shi da ɗan hali a wani kanti, ga kuma gudun makaranta, sai aka tura shi gidan horon yara na Mount Meigs, inda ya yi fiye da shekara biyar. A can ne wani malami ya lura da hannunsa, ya koya masa yadda ake ɗaga ƙafa da yadda ake auna wuri kafin a saki ƙwallo. Ya shiga da jifan dutse, ya fito a ƙarshen 1923 da sana'a.

To amma ina zai kai ta? A wancan zamani manyan ƙungiyoyin Amurka ba sa ɗaukar baƙar fata ko da kuwa ya fi kowa iyawa, wannan ya sa baƙaƙe suka kafa tasu gasar a 1920 ƙarƙashin jagorancin Rube Foster. Nan Paige ya faɗa. Ya fara da wata ƙungiya a Chattanooga a 1926, ya koma Birmingham Black Barons a 1927, daga baya Pittsburgh Crawfords inda ya haɗu da shahararren mai sanda Josh Gibson. Rayuwar irin ta 'yan damben da ke bin gari-gari bayan kaka ce, yau nan gobe can, kwana a mota, wani garin ma ba za a sayar musu da abinci ba saboda launin fatarsu. Inda kuɗi ya fi tsoka nan yake nufa. A 1935 ya yi wa wata ƙungiyar garin Bismarck wasa, wadda ta haɗa baƙi da farare, suka ci kofi. A 1937 ya tafi Jamhuriyar Dominika ya buga wa ƙungiyar shugaban kama-karya Trujillo.

A 1938 yana ƙasar Meziko sai hannun ya tsaya, ciwo ya kama kafaɗar har ɗaga ta ya gagara. Mai karatu ka duba, mutumin da ba shi da gona ba shi da kanti sai wannan hannu. Kowa ya ce tasa ta ƙare, sai J. L. Wilkinson mai ƙungiyar Kansas City Monarchs ya ɗauke shi ya sa shi a ƙaramar tawagarsu mai yawon ƙauyuka, don sunansa kawai ya jawo 'yan kallo. Cikin 1939 hannun ya warware. Amma wannan jinya ta koya masa abin da ƙarfi bai koya masa ba, wato dabara: ya sassauta jifa, ya lanƙwasa ta, ya ɗan dakata a tsakiyar wurgi har mai sanda ya kai duka kafin ƙwallo ta iso. A 1942 Monarchs suka lallasa Homestead Grays suka zama zakarun gasar baƙaƙe.

Da aka zo buɗe ƙofa a 1947 ba shi aka fara kira ba, Jackie Robinson aka ɗauka a Brooklyn Dodgers, matashin da suka yi wasa tare a Monarchs a 1945. Sai ran 7 ga Yuli 1948, ranar da ya cika shekara 42, Bill Veeck mai ƙungiyar Cleveland ya ba shi kwantiragi. Wasu 'yan jarida suka ce neman suna ne kawai, me tsoho zai tsinana? Kafin kakar ta ƙare ya ci wasa 6 ya faɗi 1, a wani wasan dare cikin Agusta mutum sama da 78,000 suka cika fili suka ga ya hana Chicago White Sox cin ko ɗaya, kuma a shekarar Cleveland ta ɗauki kofin ƙasa. Ya yi wa St. Louis Browns wasa daga 1951 zuwa 1953. A Satumbar 1965, yana da shekara 59, Kansas City Athletics suka sa shi ya yi turmi uku da Boston Red Sox, ba a ci shi ba.

An sa sunansa a zauren gwarzayen besbol a 1971, ya rasu ran 8 ga Yuni 1982 a Kansas City. Sai a 2020 hukumar wasan ta amince cewa gasar baƙaƙe ta 1920 zuwa 1948 babbar gasa ce daidai da ta farare, a 2024 aka haɗe alƙalumansu wuri guda, shekara 42 bayan mutuwarsa.

Abu biyu baiwa take nema, wanda zai koyar da kuma ƙofar da za a shiga. Paige ya samu na farko yana ɗan shekara 12, a gidan horo ma kuwa, na biyu sai da ya jira shekara talatin, shekarun da hannunsa ya fi kaifi duk sun tafi a wajen manyan ƙungiyoyin, da yawa a filayen ƙauye da ba wanda ya rubuta abin da ya yi. Shi kuwa yaron nan namu na Ƙofar Durbi ba wata doka da ta rufe masa ƙofa, abin da ya rage shi ne a samu wanda zai kira shi ya tambayi sunansa. Ni dai na sa a nemo mini mahaifinsa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.