Jirgi Ya Haifi Sabon Gari, Gona Ta Haifi Samaru

Tunda bikin ƙungiya muke yi, bari in ɗan tuna mana asalin wurin da muke neman abinci.

Sabon Gari dai jirgin ƙasa ne ya haife shi. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, sai ga ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo da Nufawa. Turawa ba su so baƙi su zauna cikin ganuwa, aka yanka masu fili kusa da tasha. Shi ya sa har gobe ba yaren da ba za ki ji a kasuwarmu ba. Auduga da gyaɗa ake lodawa a tashar nan, su nufi Ikko, daga can sai Ingila.

Samaru kuwa ƙauyen manoma ce. A 1922 aka kafa gonar gwaji a nan. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, zamanin Sardauna, gonar ta koma ƙarƙashinta, ita ce IAR ta yau. Ki duba buhun iri, in kin ga SAMMAZ masara ce, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa. Wannan SAM ɗin sunan Samaru ne fa, kuma manoma nesa da Jihar Kaduna suna shuka shi.

Amma ku tambayi tsofaffinmu labarin 1975. A shekarar ne cutar kuturun gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta cinye gonakin Arewa. Littattafai sukan ambaci asarar gwamnati da ta manoma. Ba su cika maganar matar da ke soya ƙuli-ƙuli cikin gida ba, wadda da kuɗin man gyaɗa take zubin adashi, take tara wa 'yarta kayan ɗaki. A ganina ita ta fi shan wuya, don ba ta da gonar da za ta koma wa dawa. Daga baya masanan Samaru suka fitar da irin gyaɗa mai jure cutar.

Yanzu damuwar daban ce. Ta wajen Bomo da Basawa da Hayin Dogo, inda a da dawa ke rufe mutum, fuloti ne da bulo. Gona tana ja da baya, kuɗin mota yana hawa kan kowane buhu, mu kuma a bakin mudu ake yi mana faɗan tsada.