Daular Mahaya Dawaki: Tsakanin Ƙagen Marubuta da Ajiyar Tarihi

Gabatarwa

Daga cikin ƙasashen da marubuta ƙagaggun labarai suke ginawa da alƙalami, akwai wata da ba ta gushe ba tana dawowa a littafi bayan littafi, wato daular mutanen da suke rayuwa a kan doki cikin fagen ciyawa wanda ido ba ya ganin iyakarsa. Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka a wannan maƙala za mu waiwayi tarihin da aka ɗebo wannan daula daga cikinsa, mu ga abin da marubuta suka ɗauka da abin da suka zubar.

Dauloli Biyu na Ƙage

A shekarun 1954 da 1955 ne Baturen Ingila J.R.R. Tolkien ya fitar da littafinsa The Lord of the Rings, inda ya ƙaga ƙasar Rohan ta ma'abota dawaki. Sunayensu da harshensu daga tsohon Ingilishi ya aro su, kuma ya ba su babban birni da fada, don haka ba su cika zama makiyaya masu yawo ba. A 1996 kuma Ba'amurke George R.R. Martin ya fito da al'ummar Dothraki a littafin A Game of Thrones. Su kam ba su noma, ba su gini, ba su saye da sayarwa, suna ƙyamar teku, suna raina masu kiwon tumaki, abincinsu naman doki, sana'arsu hari. Marubucin da kansa ya bayyana cewa ya haɗa su ne daga al'ummu irin su Mongol da Hun da 'yan asalin Amurka mahaya dawaki. Da aka mayar da labarin wasan talabijin a 2011, sai wannan siffa ta shiga idon miliyoyin mutane, har wasu suka ɗauke ta a matsayin tarihi.

Abin da Tarihi Ya Ajiye

Fagen ciyawar da ake kwaikwayo yana nan da gaske. Ya miƙa daga Hangari har zuwa arewa maso gabashin ƙasar Sin, tafiyar kimanin kilomita 8,000. A nan ne, cikin 1206, ƙabilun Mongol suka taru a bakin kogin Onon suka naɗa Temujin sarkinsu da laƙabin Cingis Khan. Ba mu musanta ɓarnar da rundunarsa da ta jikokinsa suka yi ba. Abin da ya sami Bagadaza a 1258 a hannun Hulagu sananne ne ga duk mai karatun tarihin Musulunci. To amma takobi kaɗai bai riƙe wannan daula ba.

Da farko dai, arzikin Mongol dabbobi biyar ne: doki da saniya da raƙumi da tunkiya da akuya, kuma tunkiya ce ginshiƙi. Da namanta ake ci, da gashinta ake daddaɓe shimfiɗar da ake rufe bukka. Al'ummar da ta raina tunkiya, kamar yadda aka siffanta Dothraki, ba za ta ƙetare sanyin hunturu guda ba a wannan fage.

Na biyu, mata. Su ne masu tatsa, su ne masu kafa bukka da kwance ta, su ne masu tuƙa amalanke ranar ƙaura. A sama ma haka abin yake: bayan rasuwar Ogedei a 1241, matarsa Toregene ce ta riƙe daular har zuwa 1246.

Na uku, fatauci da rubutu. Cingis Khan ya sa an rubuta harshen Mongol da haruffan Uigur. Ogedei ya gina birnin Karakorum a 1235, ya kuma faɗaɗa tsarin zangunan manzanni, inda ɗan aike yake sauya doki ya wuce. Shi kuwa Ibn Baɗuɗa, wanda ya ratsa ƙasar Sarki Uzbeg a arewacin Bahar Aswad wajen 1334, ya ba da labarin cewa daga can ake kora dawaki zuwa Indiya a garke-garke, garke guda kan kai dubu shida. Ashe mutanen doki fatake ne tun kafin su zama mayaƙa.

Na huɗu, kuma mafi girma, ita ce ciyawa. Kowane barde yakan fita yaƙi da dawaki uku zuwa biyar domin sauyi. Ke nan runduna mai mutum dubu hamsin tana tafe da baki fiye da dubu ɗari da hamsin masu neman kiwo da ruwa kullum. Wannan ya sa masana tarihi da dama suke ganin ƙarancin makiyaya na cikin dalilan da suka sa Mongol suka janye daga Hangari a 1242, suka kuma kasa zama a Sham, inda Mamaluka suka karya su a Ain Jalut cikin 1260. Irin wannan iyaka ba baƙuwa ba ce a gare mu: dawakin daular Oyo, waɗanda ake sayowa daga arewa, ba su iya kutsawa cikin kurmi ba saboda ƙudan tsando.

Kammalawa

Me ya sa muka damu da wannan, alhali ƙage ƙage ne? Dalili biyu muke da su. Na farko na adabi ne. Ɗalibin da zai ƙaga irin wannan daula da Hausa ya sani cewa dokinmu na turke ne, ana kawo masa harawa da dawa, kuma alamar sarauta ne. Dokin Mongol kuwa sake yake a daji, yana tone ƙanƙara da kofato ya ci abin da ke ƙasa, kuma talaka ma yana da nasa. Marubucin da ya tambayi kansa ina jarumansa za su shayar gobe, wa ke tatsa, wa ke sayen fatunsu, to ya sami rigingimun da za su riƙe labarinsa ba tare da ya nemo dodo ba.

Dalili na biyu na adalci ne. Yawancin abin da aka rubuta game da makiyaya masu yawo, mutanen birni ne suka rubuta shi, kuma sukan fi tuna ranar hari a kan ranakun kasuwa masu yawa da suka gabace ta. In marubucin ƙage ya kwashi wannan rabin labari ya ƙara masa gishiri, mai karatu zai tashi da zaton cewa duk mai bin dabba a daji mahari ne. Mu da muke zaune a ƙasar da manomi da makiyayi suke gogayya a kan labi da mashaya, mun san abin da irin wannan zato yake haifarwa. Don haka in za mu gina daular mahaya dawaki a takarda, mu sa mata tumakinta da matanta da kasuwarta, kafin mu rataya mata takobi.