Ƙotar Adaka: Gudummawar Masassaƙa a Tarihin Bindiga a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zo maganar bindiga a tarihin ƙasar Kano, sarakuna da maƙera akan ambata. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada, kuma a zamanin Sarki Alu (1894–1903) sun zama rukuni mai ƙarfi a rundunar Kano. Amma ita adaka, watau bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, rabinta itace ne, kuma ba a cika tunawa da masassaƙin da ke kula da wannan rabi ba. Ƙasar Ƙaraye da Rogo, wadda ke yammacin Kano kusa da iyakar Katsina da Zazzau, wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, domin ƙasa ce ta itatuwa da mafarauta.

Ƙarfe Baƙo, Itace Ɗan Gida

Yawancin adakar da ta shigo Afirka ta Yamma a ƙarni na 18 da na 19, a Birmingham ta Ingila da Liege ta Beljiyam aka ƙera ta. Wata ta biyo ta bakin teku da ƙasar Nufe, wata kuma ta ƙetaro Sahara daga Tarabulus. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta ƙyale irin waɗannan, sa'an nan Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta yarda a riƙe su da lasisi. Wannan ne ya sa adaka ta daɗe a hannun talaka.

To, sai dai kayan araha ne, kuma itacen da ta zo da shi ba ya jure yanayin ƙasar Hausa. Damina ta kumbura shi, hunturu ya tsaga shi, gara kuma ta ƙarasa. Bututun ƙarfen yakan kai jikoki, amma sai an sake masa ƙota.

Zaɓen Itace da Gyaransa

Masassaƙi yakan fara da zaɓe. Maɗaci yana da daɗin sassaƙa. Maɗobiya tana da kyawun launi da juriya ga gara. Ƙirya ta fi su tauri, amma nauyinta yakan gajiyar da maharbin da zai yini a daji, shi ya sa ta fi amfani wajen taɓarya da gawayin ƙira. Ba a aiki da ɗanyen itace, sai an bar shi ya bushe a inuwa, domin wanda ya bushe a rana yakan tsage daga baya.

Da gizago ake fitar da siffa, a kankare da wuƙa, a goge da magagari, sa'an nan a bi da ganyen ɓaure mai kaushi har itacen ya yi santsi. Wurin da ya fi bukatar ƙwarewa shi ne kwarmin da bututu zai kwanta da ramin kunama. In bututu yana motsi a kwarminsa, saiti ya lalace. In kuwa wuyan ƙota ya yi siriri, ranar da aka cika ɗuri zai karye a hannun mai harbi. Ita ma sandar ɗuri sai an bi tsawon jijiyar itace wajen fere ta, don kada ta karye ta soki tafin hannu.

Matakin ƙarshe shi ne shafa mai. Akan ɗumama man kaɗe ko na gyaɗa, a shafa kaɗan, a murza da tafin hannu, a bar itace ya sha, a sake. Man ne ke toshe ƙofofin itace, ya hana laima shiga, ya kuma hana hunturu ƙeƙashe shi. Hayaƙin ɗaki da gumin hannu su ke ba tsohuwar ƙota duhun nan mai sheƙi. Daga nan sai baduku ya naɗe wuyanta da fata, mai ita kuma ya ɗaura layunsa.

Kammalawa

Abubuwa biyu ne suka matsa wa wannan sana'a. Na farko, itacen ya yi ƙaranci: noma ya cinye daji, kuma saran maɗobiya don kai wa ƙasar Sin ya yi tsanani har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido daga 2017. Na biyu, kalmar 'yan bindiga, wadda a da take nufin dakarun sarki, ta koma sunan ɓarayin daji, har mai adaka yakan yi ɗari-ɗarin nuna ta. Duk da haka, adaka tana nan a hannun mafarauta, kuma ƙararta ce ke shelar fitowar sarki a hawan salla, wanda UNESCO ta sa na Kano cikin al'adun duniya a 2024. Ya kamata masu nazari su zauna da tsofaffin masassaƙan Ƙaraye da Rogo, su rubuta sunayen itatuwa da na sassan ƙota kamar yadda suke faɗarsu, domin kalmomin sana'a tare da masu ita suke tafiya.