Kwana Goma Na Kulle A Ƙasar Katagum: Likita Da Iyalinsa A Shekarar 2020

Duk lokacin da muka tuna azumin shekarar 2020, kasuwa a rufe muke tunawa, da masallatai babu jam'i, da yawan jana'iza a garin Azare. Akwai wasu gidaje da ba kasafai muke ambaton su ba, wato gidajen likitoci da ma'aikatan jinya, waɗanda dokar kulle ta tsare kowa a gida amma su ta tura su bakin aiki.

An tabbatar da shigowar cutar korona Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 24 ga Maris aka sanar Gwamna Bala Mohammed ya kamu, daga baya Allah ya ba shi lafiya. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, kuma ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Kano dokar kulle saboda yawan mace-mace. Mu kuwa tsakaninmu da Kano kullum mota na kan hanya, don haka ba a jima ba irin wannan labari ya ɓullo a Azare. A watan Mayu gwamnatin jihar ta ce mutum kusan 150 sun rasu a garin cikin kwana 30, kodayake ba ta ɗora duka a kan korona ba. Daga nan aka rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki na kwana goma, daga ranar 12 ga Mayu, wato gab da shiga goman ƙarshe na Ramadan.

Babban asibitin da wannan nauyi ya faɗa wa shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, wadda dama ita ke karɓar marasa lafiya daga sassan masarautar har da maƙwabtan jihohi. Likita yakan fito da safe tituna wayam, ya nuna katin aiki a shingen jami'an tsaro, ya isa asibiti. Wanda yake ɓangaren killacewa sai ya sa rigar kariya da safar hannu da takunkumin fuska, a cikin zafin watan Mayu da duk muka sani, ga kuma azumi a baki. Wanda yake ɗakin ganin marasa lafiya na yau da kullum haɗarinsa ya ma fi ɓoyuwa, domin zazzaɓi da tari da ciwon jiki su ne alamomin korona, su ne kuma abin da mai zazzaɓin sauro kan zo da shi. A farkon lamarin sai an kai samfur ɗakin gwaji a wajen jihar, kafin sakamako ya dawo likita ya riga ya taɓa majinyacin, ya kuma koma gida.

Komawa gidan nan ita ce jarrabawa mafi girma. Gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne, akwai mata da yara, sau da yawa da tsohuwa a ɗakinta, ga 'yan uwa masu shiga da fita. Cutar kuma an san ta fi illa ga tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga. Shawarar da masana suka bayar ita ce ma'aikaci ya cire kayan aiki, ya yi wanka kafin ya haɗu da kowa, in da hali ya ware ɗakinsa da kwanonsa. A faɗa abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa, uba ne zai dakatar da ɗansa da ya rugo yi masa oyoyo, ɗa ne zai gaida mahaifiyarsa daga bakin ƙofa, a yi buɗa-baki kowa a nasa gefe. Likita mace ko ungozoma mai goyo kuwa ba ta da damar nisantar jaririnta, sai wanke hannu da takunkumi da addu'a.

Wannan tsoro yana da dalili. A farkon Afrilu Dokta Aliyu Yakubu ya rasu a Daura, gwaji ya nuna korona ce, bayan haka aka samu cutar a jikin matarsa da 'ya'yansa biyu. A ƙarshen Afrilu Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce ma'aikatan lafiya 113 sun kamu a faɗin ƙasa. Zuwa farkon Yuni hukumar NCDC ta ce adadin ya kai 812. Duk da haka alawus ɗin haɗari da ma'aikacin lafiya ya daɗe yana karɓa naira 5,000 ne a wata. Wannan da ƙarancin kayan kariya suna cikin abin da ya sa ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki ranar 15 ga Yuni, 2020, ta janye bayan kusan mako guda.

Mu ma jama'a mun ƙara musu nauyi. Cikinmu akwai masu cewa cutar ƙarya ce, akwai masu gudun asibiti don kada a killace su, har sai ciwo ya ci jiki a kawo mutum a makare. Likita yana tsakanin masu ƙaryata abin da yake gani da idonsa, da masu tsoron kusantarsa saboda wurin aikinsa.

An ɗage kullen 'yan kwanaki kafin Sallah, wadda aka yi ranar 24 ga Mayu. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare, ke nan 'ya'yanmu ne za su zama likitocin gobe. Ya kamata su san cewa aikin yana bin mutum har cikin gida, mu kuma mu tsaya wajen neman musu kayan kariya da ɗakin gwaji da haƙƙinsu tun kafin wata annoba ta zo. Duk wanda ya yi aiki a waɗannan kwanaki, ko ya zauna a irin wannan gida, muna roƙonsa ya rubuta abin da ya gani don a adana.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa ma'aikatan lafiya da iyalansu da alheri, ya tsare ƙasar Katagum daga annoba. Amin.