Gelato

Gelato kalma ce ta Italiyanci da ke nufin askirim, wato kayan zaƙi mai sanyi da ake haɗawa da madara, sukari da kayan ƙamshi ko 'ya'yan itatuwa. Ana furta ta "jelato", domin a Italiyanci harafin g yana fita kamar j idan e ta biyo bayansa, kuma a kan gaɓar tsakiya, "la", ake ƙarfafa murya. Jam'inta shi ne gelati, shagon da ake sayar da shi kuma gelateria.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga gelare, wato daskarewa, don haka ma'anarta ta farko ita ce "daskararre". A Italiya kowane irin askirim gelato ne. A wasu ƙasashe kuwa, sunan ya keɓanta ga samfurin Italiya, wanda bai kai askirim ɗin Amurka maiƙo ba, kuma ya fi shi kauri saboda iskar da ke shiga cikinsa lokacin kaɗawa kaɗan ce.

A shekarar 1686 Francesco Procopio, mutumin tsibirin Sisili, ya buɗe Café Procope a birnin Paris, inda irin wannan kayan sanyi ya yi suna. Ana bikin ranar gelato a Turai kowace 24 ga Maris.